Me ya sa wasu farasayit ke kayar da mai HIV, alhali tsutsar cikinsa ba ta fi ta kowa ba?

Wata ma'aikaciyar jinya da ke aiki a sashen masu karɓar maganin HIV ta aiko da tambaya mai reshe biyu. Ta ce majinyatan da ƙwayoyin CD4 ɗinsu, wato ƙwayoyin garkuwar jikin da HIV ke cinyewa, suka yi ƙasa sosai kan zo da gudawar da ta ƙi tsayawa, ko da farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce farasayit ne ya jawo, amma idan aka kai bayan-gidansu ɗakin gwaji ba a samun tsutsar ciki fiye da yadda ake samu a jikin sauran mutanen garin. To, ina dalili? Sannan ta ji ana cewa maganin tsutsa yana ɗaga CD4, tana so ta san gaskiyar maganar.

Malama, idonki ya ga daidai, kuma abin da kika lura da shi ne bincike ya yi ta nunawa tun cikin shekarun 1980. Sunan farasayit ya tattara halittun da ba abin da ya haɗa su sai cewa dukansu a jikin wani suke zaune suna ci daga gare shi, tun daga mai ƙwayar halitta guda da ba a gani sai da madubin likita har zuwa macijin ciki da ya fi taƙi guda tsawo. Jiki ba da makami iri ɗaya yake tunkararsu ba, HIV kuma ba ta lalata makaman daidai wa daida. Saboda haka idan ana son sanin ko wani farasayit zai tsananta a jikin mai HIV, abu biyu ake dubawa: ko a cikin ƙwayoyin halittar mutum yake ɓuya ko a wajensu yake zaune, da kuma ko yana iya hayayyafa a cikin jiki ɗaya ko dole sai ƙwansa ya fita waje kafin ya zama sabuwar halitta. Wanda ya haɗa ɓuya da hayayyafa, shi ne mai kisa.

Dalilin yana cikin aikin ƙwayoyin CD4 kansu. Lafiyayyen baligi yana da tsakanin 500 da 1,500 a kowace maikurolita ta jini. Reshe ne na fararen ƙwayoyin jini da ake kira T, kuma ba kasafai suke kashe ƙwayar cuta da kansu ba; su ne ke gane abin da ya shigo, su tsara wa sauran yadda za a yi da shi, ta hanyar sinadaran saƙo da suke fitarwa da kuma ta hanyar taɓa wata ƙwayar kai tsaye. A 1986 Tim Mosmann da Robert Coffman suka nuna a jikin ɓeraye cewa waɗannan ƙwayoyi sukan rabu gida biyu gwargwadon saƙon da suke aikawa. Gidan Th1 yana fitar da intaferon gama, wanda ke zaburar da makurofaj, wato manyan ƙwayoyin nan masu haɗiye ƙwayar cuta, su narkar da abin da suka haɗiye. Gidan Th2 yana fitar da IL-4 da IL-5 da IL-13, waɗanda ke tara fararen ƙwayoyin jinin da ake kira iyosinofil, su ƙara majinar hanji da motsinsa domin a tunkuɗe tsutsa. Daga baya aka gano wasu gidajen, ciki har da Th17 mai tsaron bangon hanji da kuma ƙwayoyin da aikinsu shi ne kwantar da kumburi. Abin sha'awa, da farasayit aka tabbatar da muhimmancin wannan rabuwa: ɓerayen da suka mayar wa wani farasayit mai suna Leishmania martani irin na Th1 sun warke, waɗanda suka mayar da irin na Th2 kuwa cutar ta cinye su. A jikin ɗan'adam rabuwar ba ta fita tsaf kamar ta ɓera ba, amma ta isa ta bayyana mafi yawan abin da kike gani a sashenku.

Bari in daɗe a kan Toxoplasma gondii, domin ita ce ke bayan mafi yawan majinyatan da ke zuwa da alamun ƙari a ƙwaƙwalwa, kuma labarinta ya fi kowane nuna abin da rashin CD4 ke haifarwa. An gano ta a 1908 a Tunisiya. Tana kammala rayuwarta a hanjin kyanwa, mutum kuma yana ɗaukarta daga naman da wuta ba ta ratsa cikinsa ba, ko daga ƙasa, ruwa da ganyen da kashin kyanwa ya gurɓata. Ana ƙiyasin kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna ɗauke da ita, mafi yawansu ba su taɓa sanin sun kamu ba. Idan ta shiga ƙwayar halitta, sai ta lulluɓe kanta da wata 'yar jaka da ta ɗebo daga fatar ƙwayar, jakar kuma ba ta yarda ta haɗu da jakunkunan narkarwa na ƙwayar, don haka farasayit ɗin yana zaune a tsakiyar makurofaj yana rabuwa biyu, huɗu, takwas, har ƙwayar ta fashe. Abin da ke karya wannan dabara shi ne jerin saƙonni: ƙwayoyin da suka fara cin karo da ita suna fitar da sinadarin saƙo mai suna IL-12, wannan ya sa wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira NK da kuma na T su zubo intaferon gama, shi kuma ya tilasta wa ƙwayar da aka shiga ta lalata wani sinadarin gina jiki mai suna tiriftofan, wanda Toxoplasma ba ta iya haɗa wa kanta, sai yunwa ta tsayar da ita. Ƙari ga haka, idan ƙwayar CD4 ta taɓa makurofaj ta wani maɓalli da ake kira CD40, makurofaj ɗin yakan iya kewaye jakar ya narkar da ita.

Duk da haka jiki ba ya iya ƙarasa ta. Idan ta ji matsi sai ta koma wani irin yanayi mai jinkirin girma, ta dunƙule cikin ƙananan ƙullutai a ƙwaƙwalwa da tsoka, ta zauna a nan har ƙarshen rayuwar mutum kamar wutar ƙaiƙayi, sama toka, ƙasa tana ci. Lokaci zuwa lokaci wani ƙulluton yakan fashe, ƙwayoyin CD8, wato reshen T mai kashe ƙwayar da cuta ta shiga, da ke sintiri a wurin su murƙushe abin da ya fito kafin ya yaɗu. Amma ƙwayoyin CD8 ba sa jure wannan dogon gadi sai da tallafin CD4. In tallafin ya yanke sukan gaji, su rage fitar da intaferon gama. Shi ya sa cutar ke tashi galibi idan CD4 ya sauka ƙasa da 100, kuma kusan kullum tsohuwar ajiya ce ta farka, ba sabon kamu ba. A nan akwai abin lura ga duk mai karanta sakamakon gwaji: irin wannan majinyaci yana da antibodi na Toxoplasma a jininsa, wato sinadaran kariyar da jiki ke haɗawa su manne wa ƙwayar cuta, wani lokaci da yawa, amma ba su tsinana masa komai, domin antibodi ba ya bin abokin gaba cikin ƙwayar halitta. Amfanin gwajin antibodin shi ne ya nuna wanda ke da ajiyar.

Majinyacin kan fara da ciwon kai na kwanaki ko makonni, da zazzaɓi, da rikicewar tunani, sai hannu ko ƙafa ɗaya ta yi nauyi, ko ya faɗi da farfaɗiya, kuma sau da yawa kafin a kawo shi an ɓata makonni ana neman maganin iska ko na hawan jini. Hoton ƙwaƙwalwa yakan nuna tabo fiye da ɗaya, kowane da zobe kewaye da shi da kumburi. Inda babu na'urar hoto, likita kan fara magani bisa zato, da firimetamin da sulfadayazin haɗe da lukoborin, ko da Septrin mai yawan awo, ya sa ido. Mafi yawan masu wannan cuta suna nuna sauƙi cikin mako biyu, wanda bai nuna ba kuwa sai a koma tunanin tarin fuka na ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau na ƙwayar fangas mai suna Cryptococcus, ko ciwon daji na limfoma. Game da kyanwa, ba sai an kore ta daga gida ba. Makonni kaɗan kawai take zubar da ƙwan bayan kamuwarta ta farko, kuma ƙwan sai ya kwana aƙalla ɗaya a ƙasa kafin ya iya kama mutum, don haka kwashe kashinta kullum, wanke hannu da dafa nama sosai sun wadatar.

Gudawar da kika ambata kuwa tushenta ya girmi ranar da aka ga CD4 ya faɗi a takardar gwaji. Mafi yawan ƙwayoyin CD4 na jiki ba a jini suke ba, kaso mai girma yana jikin bangon hanji, kuma waɗannan na hanji suna ɗauke da CCR5, ƙofa ta biyu, bayan CD4 kansa, da HIV ke buƙata kafin ta shiga ƙwayar. A makonnin farko na kamuwa, tun mutum bai san abin da ke faruwa ba, ƙwayar cutar takan share mafi yawansu, musamman 'yan gidan Th17. Bangon hanji ya yi rauni, ɓurɓushin bakteriya ya riƙa tsiyaya cikin jini, garkuwar jiki ta kasance kullum a zabure, wannan zabura kuma ita kanta tana ƙara cinye CD4. Ko bayan an fara magani, hanji ne ke jan ƙafa wajen farfaɗowa.

A kan wannan bango mai rauni Cryptosporidium, wani farasayit mai ƙwayar halitta guda, ke sauka. Tana zama a can saman ƙwayar da ke shimfiɗe a bangon hanji, a ƙarƙashin fatar ƙwayar amma ba tare da ta nutsa cikin ruwanta ba, kuma tana kammala dukan rayuwarta a jikin mutum ɗaya. Wani kaso na ƙwanta ma a cikin hanjin yake ƙyanƙyashewa ya sake kama sababbin ƙwayoyi. Mai cikakkiyar garkuwa yakan yi gudawar mako ɗaya ko biyu ta wuce. Wanda CD4 ɗinsa ke ƙasa da 100 yana iya yin watanni yana zubar da ruwa lita-lita a rana yana ramewa, idan ya sauka ƙasa da 50 kuma farasayit ɗin kan haura har hanyar matsarmama. Abin da ya faru a birnin Milwoki na Amurka a 1993 ya nuna bambancin ƙarara: ruwan famfon birnin ya gurɓata, mutum fiye da 400,000 suka yi gudawa, kusan duka suka warke, amma mafi yawan waɗanda suka mutu masu ƙanjamau ne. Wata shaidar ta fito daga yaran da aka haifa da naƙasar maɓallin da ke taɓa CD40: ba su da HIV, ƙwayoyin CD4 ɗinsu suna nan da yawansu, amma da yake ba sa iya isar da wannan umarni guda, su ma Cryptosporidium kan kama musu hanyar matsarmama. Wannan ya nuna cewa aikin ƙwayoyin ne abin dubawa, adadin da ake ƙirgawa manuniya ce kawai.

A nan ne rabin amsar tambayarki ta farko take. Gwajin bayan-gida na yau da kullum, inda ake ɗiga ruwan gishiri a kan gilashi a nemi ƙwan tsutsa, ba ya nuna Cryptosporidium, domin ƙwanta maikuron 4 zuwa 6 ne kawai, kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙwan macijin ciki, kuma ba shi da launi. Sai an rubuta a takardar cewa a yi rini irin na Ziehl-Neelsen da aka sassauta, ɗan'uwan wanda ake yi wa kakin masu tarin fuka. Sa'annan ne ake ganin ƙananan ɗigo-ɗigo jajaye, zagayayyu, warwatse a kan fili kore ko shuɗi. Wannan rinin kuma yana fito da Cystoisospora belli, wani farasayit ɗin mai kawo gudawa, wadda ƙwanta ya fi girma kuma siffarsa irin ta ƙwan kaza ce. Rarrabe su biyun yana da amfani sosai, domin Cystoisospora tana jin Septrin cikin kwanaki, Cryptosporidium kuwa ba ta ji. Nitazokzanid yana taimaka wa masu lafiyayyar garkuwa, amma gwajin da aka yi a kan yara masu HIV a Zambiya bai nuna ya yi musu amfani ba. Maganinta na gaskiya shi ne a mayar wa majinyaci ruwan jikinsa, a ciyar da shi, a fara maganin HIV ba tare da jinkiri ba. Kulorin da ake zuba wa ruwa ba ya kashe ƙwanta, tafasawa ce ke kashewa.

Leishmania ta fi su duka ƙarfin hali, don makurofaj ɗin da aka tanada domin ya kashe ta shi ta mayar gida, kuma HIV ma tana shiga makurofaj, sai kowannensu ya riƙa share wa ɗan'uwansa hanya: farasayit ɗin yana zaburar da ƙwayoyin da HIV ke hayayyafa a ciki, HIV kuma tana yanke intaferon gaman da zai sa makurofaj ya narkar da shi. Nau'in da ke kama saifa da hanta da ɓargo, wanda ake kira kala-azar, ya bayyana da yawa a tsakanin masu ƙanjamau a kudancin Turai, musamman Sifaniya, a shekarun 1990, ya kuma ragu sosai bayan an fara haɗa magungunan HIV a 1996. Yau nauyin yana wurare irin su arewa maso yammacin Habasha, yankin Humera da Metema, inda 'yan ƙodago ke zuwa aikin gonakin riɗi, da tsallaken iyaka a jihar Gadarif ta Sudan, inda Hausawa da yawa ke zaune suna noma. Mai HIV da ya kamu da kala-azar yakan warke ya sake faɗuwa sau da dama, kuma ko maganin HIV ya danne ƙwayar cutar a jininsa, CD4 ɗinsa kan ƙi tashi yadda ake so, saboda ƙwayoyin T ɗinsa sun gaji kuma IL-10 mai kwantar da martani ya yi yawa. Gwajin gaggawa na rK39, da yake antibodi yake nema, yana iya cewa babu alhali akwai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa amfoterisin B mai lulluɓin kitse da miltefosin ga irin waɗannan majinyata a gabashin Afirka da kudu maso gabashin Asiya. A Latin Amurka kuwa cutar Chagas ce ke yin irin abin da Toxoplasma ke yi, ta farka daga dogon barci ta kama ƙwaƙwalwa.

Zazzaɓin cizon sauro yana tsaka-tsaki. Yana ɓuya a cikin ƙwaya kuma yana hayayyafa, amma ƙwayar da ya zaɓa ita ce jan ƙwayar jini, wadda ba ta da alamomin da ake nuna wa ƙwayoyin T abin da ke cikinta, don haka kariyar da baligi ke da ita ta dogara ne a kan antibodi da tacewar saifa, waɗanda aka gina cikin shekaru na cizo bayan cizo. Sai dai fararen ƙwayoyin jini da ake kira B, masu yin antibodi, suna buƙatar taimakon CD4 kafin su yi mai inganci, shi ya sa HIV ke zaizaye wannan kariya a hankali, ba ta rushe ta dare ɗaya. Wani dogon bincike da aka yi a karkarar Yuganda, aka buga a 2000, ya nuna cewa manya masu HIV sun fi yawan faɗuwa da zazzaɓin, kuma yawan yana ƙaruwa gwargwadon saukar CD4. A Malawi kuma, a binciken da aka buga a 2005, an ga yawan HIV a jini ya kusa ninkawa biyu lokacin da mutum ke ɗauke da maleriya, ya fi haka idan akwai zazzaɓi mai zafi da farasayit da yawa, sannan ya koma kusa da inda yake bayan mako takwas zuwa tara da magani. Najeriya tana ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, ƙidayar 2018 kuma ta nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da HIV, don haka a wurinmu wannan haɗuwar ta fi kowace yawa, ko da ba ita ta fi tsanani ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne masu juna biyu. A al'ada, mai cikin fari ce maleriyar mabiyiya ta fi cutarwa, domin da kowane ciki mace tana ƙara samun antibodin da ke hana jajayen ƙwayoyin da suka kamu manne wa mabiyiya. HIV tana rage wannan riba, har mai ciki na huɗu ko na biyar ta koma cikin haɗari kamar mai cikin fari, da ƙarancin jini da haihuwar jariri maras nauyi. Kuma a kula, mai cikin da ke shan Septrin kullum ba a ba ta Fansidar na awon ciki, domin dangi ɗaya ne, haɗa su yana ƙara haɗarin mummunan ƙurji ba tare da ƙarin kariya ba. Ina kuma jan hankalinki cewa ganin farasayit ɗin maleriya a jinin mai HIV da ke zazzaɓi bai rufe bincike ba. A damina mutane da yawa suna ɗauke da shi ba tare da shi ne ya kwantar da su ba, tarin fuka kuma yana iya laɓewa a bayansa.

Yanzu ga tsutsotsi. Macijin ciki, tsutsar da ke shan jini a hanji, da tsutsar tsargiya duka ba sa ƙaruwa a cikin jiki. Macijin ciki yana iya zuba ƙwai kusan 200,000 a rana, amma ko ɗaya ba zai zama tsutsa ba sai ya fita ya yi makonni a ƙasa an sake haɗiye shi. Yawan tsutsar da ke cikin mutum yana bin yawan abin da ya taka, ya sha ko ya ci, faɗuwar CD4 ba ta ƙara masa ko ɗaya. Wannan shi ne sauran rabin amsarki.

Tsargiya ma ta zo da wani abin mamaki. Ƙwanta ba shi da ƙafa ko wutsiya, amma dole ya ratsa daga jijiyar jini ya huda bangon hanji ko na mafitsara kafin ya fita. Yadda yake yi shi ne ya tsiyayar da sinadaran da ke kiran ƙwayoyin CD4, su kuma su tara makurofaj da iyosinofil su kewaye shi da dunƙulen kumburi, wannan dunƙulen ne ke narkar da naman da ke gabansa ya tura shi waje. Wato farasayit ɗin ya mayar da garkuwar jikin mutum abin hawansa. A Kisumu ta Kenya an bi masu wankin motoci da ke wuni tsaye cikin ruwan Tafkin Biktoriya, binciken da aka buga a 1997 ya nuna cewa masu HIV a cikinsu suna fitar da ƙwai kaɗan idan aka kwatanta da sauran, duk da alamun da ke jininsu sun nuna yawan tsutsar daidai yake, kuma fitar ƙwan tana raguwa tare da CD4. Ke nan ƙarancin ƙwai a gwajin mai HIV ba shaida ce ta ƙarancin tsutsa ba. Firazikwantel dai yana yi musu aiki kamar yadda yake yi wa kowa.

Akwai tsutsar da ta saɓa wa ƙa'idar rashin hayayyafa, wato Strongyloides stercoralis, wadda 'ya'yanta ke iya huda bangon hanji su sake zagaye jiki ba tare da sun fita ba, har mutum ya yi shekaru gommai da ita. Kowa ya zaci za ta yi ɓarna a tsakanin masu ƙanjamau, har hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa ta cikin jerin cututtukan da ke nuna ƙanjamau, sai aka ga ba kasafai take bazuwa ba, aka cire ta a 1987. Abin da ke sakin ta shi ne magungunan siteroyid irin su dekzametazon da firednisolon, da kuma wata ƙwayar cutar mai suna HTLV-1 da ke danne martanin Th2. Wannan ya shafe ku kai tsaye ta hanya biyu: likita kan ba mai HIV siteroyid saboda tarin fuka na ƙwaƙwalwa ko ciwon huhu na Pneumocystis, sannan wasu majinyatan da suka rame kan sayi ƙwayoyin ƙiba a kemis don gudun idon mutane, waɗanda da dama cikinsu siteroyid ne. Yana da kyau a riƙa tambayarsu wannan a sirrance. Maganinta aibamektin ne, albendazol bai kai shi ƙarfi a kanta ba.

Maganar cewa maganin tsutsa yana ɗaga CD4 tana da asali. A 1995 Zvi Bentwich da abokan aikinsa, bayan sun ga yadda garkuwar jikin Yahudawan Habasha da suka koma Isra'ila take a zabure kuma ta lafa bayan an yi musu maganin tsutsa, suka kawo ra'ayin cewa tsutsotsi na cikin abin da ya sa HIV ta fi tsanani a Afirka. Ra'ayi ne mai ma'ana, kuma wani ƙaramin gwaji a Kenya da aka buga a 2008 ya ga CD4 ya ɗan fi yawa bayan mako 12 a tsakanin masu macijin ciki da aka ba albendazol. Amma da aka yi babban gwaji a ƙasar, da mutum fiye da 900 da aka bi shekara biyu, aka buga a 2012, ba da maganin tsutsa a kai a kai bai jinkirta lokacin da suka kai ga buƙatar maganin HIV ba. Tun 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara wa kowa magani da zarar an gano cutar, don haka tambayar ta rasa mafi yawan nauyinta. A ganina a yi wa mai tsutsa magani saboda jininsa da abincinsa, amma kada a bar majinyaci ya tafi da tunanin cewa albendazol zai tsaya masa a madadin kwana ɗaya na maganin HIV.

Inda nake ganin tsutsa ta fi cancantar a damu da ita shi ne kafin kamuwa. Tsargiyar fitsari tana zuba ƙwai a bakin mahaifa da farji, kumburin da ke kewaye ƙwan yana tara ƙwayoyin CD4 da makurofaj daidai inda HIV ke shigowa, jijiyoyin wurin kuma su riƙa zubar da jini da 'yar taɓawa. A karkarar Zimbabuwe, binciken da aka buga a 2006 ya samu cewa matan da ke da irin wannan tabo sun kusa ninka sauran sau uku wajen yiwuwar kasancewa da HIV. Irin wannan bincike yana nuna tafiyar abu biyu tare, bai kai ga yanke hukuncin cewa ɗaya ne ya jawo ɗaya ba, amma hanyar da abin zai bi a bayyane take. A yankunan noman rani irin su Kura da Kadawa, da garuruwan bakin kogin Kwara a Nijar, inda tsargiya ta zama ruwan dare, mace mai ƙaiƙayi da zubar ruwa da jini bayan saduwa sau da yawa maganin ciwon sanyi ake ta ba ta, ba wanda ya tambaye ta ko tana wanki ko wanka a rafi tun tana yarinya.

Saura abu biyu da suka shafi aikinki na kullum. Na farko Septrin. Gwaje-gwaje biyu da aka yi a Abijan, aka buga a 1999, su ne suka kafa shi: a ɗaya ya rage mace-macen masu HIV da tarin fuka da kusan rabi, a ɗayan ya rage cututtuka masu tsananin da ke kai mutum ga kwanciya asibiti. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 960 a rana tana tare Toxoplasma, Cystoisospora, Pneumocystis, bakteriya da dama da kuma maleriya, kuma da aka gwada dakatar da shi ga waɗanda CD4 ɗinsu ya farfaɗo a Yuganda da Kenya, maleriya ce ta fara dawowa. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da maleriya da cututtukan bakteriya suka yi yawa a ci gaba da shi ba tare da la'akari da adadin CD4 ba. Na biyu, idan aka fara maganin HIV ga wanda CD4 ɗinsa ke ƙasa da 200, ƙwayoyin da ke dawowa cikin makonnin farko sukan tarar da farasayit ɗin da ya daɗe yana zaune ba mai tanka masa, su afka masa da kumburi mai yawa, har majinyacin da ya fara samun sauƙi ya dawo da ciwon kai ko farfaɗiya, ko mai kala-azar ya fito da ƙuraje a fuska. 'Yan'uwansa za su ce maganin ne bai karɓe shi ba, su nemi a daina. Abin da ya dace shi ne a kai shi gaban likita a ranar, a binciki ko wata sabuwar cuta ce ko magani ne ya gaza, a ci gaba da maganin HIV da na farasayit ɗin tare, a ƙara siteroyid idan kumburin ƙwaƙwalwa ya yi barazana. Kafin a fara magani ma, duk mai ciwon kai da CD4 ƙasa da 200 a yi masa gwajin Cryptococcus, domin idan sanƙarau ne ana jinkirta maganin HIV mako huɗu zuwa shida, alhali mai Toxoplasma ana fara masa cikin kamar mako biyu, ya kuma ci gaba da maganin Toxoplasma na riƙo bayan mako shida na farko na jinyarta har sai CD4 ɗinsa ya haura 200 ya zauna a can fiye da wata shida.